Asirin Majiyyaci a Aljihun Ma'aikaci: Wa Ke Gadin Bayanan Lafiya a Matameye?

Ƙarshen wata ne, la'asar ta yi sanyi. A wata cibiyar lafiya ta karkara a gundumar Kantche, layin masu awon ciki ya watse, saura uwa ɗaya a gindin bedi tana jiran a cire wa ɗanta ƙarin ruwa. A ciki, majo, shugaban cibiyar, ya baje rajistoci a kan tebur: na awon ciki, na haihuwa, na rigakafi, na tamowa, na masu tarin fuka. Yana ƙirge yana cike rahoton wata, domin dole ya isa Matameye a kan lokaci.

Batirin sola ya yi ƙasa, kwamfuta ta mutu tun azahar, rezo kuma ya ƙi. Sai ya zaro wayarsa ya ɗauki hoton takardun, har da jerin yaran da ake zargin sun kamu da ƙyanda a makon. Ya taka zuwa bakin hanya inda rezo ke kamawa, ya tura ta WhatsApp. Aiki ya tafi, hankalinsa ya kwanta.

Hotunan kuwa suna nan a wayar. Da magariba za ta je wurin mai caji, da dare yara za su yi kallo a kanta, ranar da gilashinta ya fashe za ta kwana a shagon mai gyara. A cikinta akwai sunayen mutane, ƙauyukansu, sunayen iyayensu da ciwon da ke damunsu. Duk wanda ya san aikin lafiya a karkarar ƙasashenmu ya san wannan hali, ya kuma san ba mugunta ce ta kawo shi ba. Ƙoƙarin sauke nauyi ne a inda kayan aiki suka gaza.

Daga ƙauye zuwa Yamai

Matameye ita ce hedikwatar gundumar Kantche a jihar Damagaram, kimanin kilomita 90 kudu maso yammacin birnin Damagaram. Ƙasar rake ce da lambuna, mai cunkoson jama'a: ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum dubu 400 a gundumar, yau kuwa sun zarce haka nesa. Daga Kantche da Dungu zuwa Tsauni, Kurni, Yawuri, Ishirnawa da Ɗan Barto, duk wanda ciwonsa ya fi ƙarfin cibiyar garinsu, asibitin gunduma na Matameye ake tura shi.

Tsarin lafiyar Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, sama da dubu biyu a faɗin ƙasar. Sama da su akwai cibiyoyin CSI, fiye da dubu ɗaya, kowace da majonta. Sai gundumomin lafiya sama da 70, sai asibitocin jiha da cibiyoyin kula da uwa da yaro, sai manyan asibitocin ƙasa irin na Damagaram da na Yamai.

Kamar yadda majiyyaci ke hawa wannan tsani, haka bayaninsa ke hawa. Ma'aikacin ƙauye ya miƙa wa majo, majo ya miƙa wa ofishin sa ido kan cututtuka na gunduma, gunduma ta miƙa wa hukumar lafiya ta jiha, ita kuma ta miƙa wa ma'aikatar lafiya. Cututtukan da doka ta wajabta a sanar da su, irin su sanƙarau, ƙyanda da kwalara, kowane mako ake ba da rahotonsu. Sauran kuma wata-wata.

Shekaru da dama ke nan Nijar na tara waɗannan alƙaluma a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, ƙasashe sama da 70 kuma ke aiki da ita. Abin lura shi ne, rahoton wata da ke shiga wannan manhaja yawanci jimla ce: yara nawa aka yi wa allura, mata nawa suka haihu. Sunayen kuwa suna can ƙasa, a rajista, a karne, a takardar turi zuwa babban asibiti, a fayil ɗin Excel, a tabilet ɗin wata ƙungiya, a wayar ma'aikaci. Wato inda bayani ya fi zafi, nan ne kariya ta fi rauni.

Abin da annoba biyu suka nuna

Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton sama da mutum 500 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, kuma Matameye na cikin gundumomin da abin ya shafa, tare da Dungas, Magarya da Mirya. A watan Yulin 2023 kuma sai ga mashaƙo a gundumar lafiya ta Matameye, a daidai lokacin da cutar ke ɓarna a Kano da maƙwabtanta.

Yaƙi da annoba ba ya yiwuwa da jimla kawai. Sai an san wane yaro ne, ɗan gidan wa, wace unguwa, da wa ya kwana ɗaki ɗaya, wace makarantar allo yake zuwa. Ana rubuta kowane mai cutar a layi guda cikin dogon jeri, ana sabunta jerin kullum. Samfurin da aka ɗiba yana tafiya da takarda mai ɗauke da suna har ɗakin gwaji, wani lokaci har cibiyar bincike ta CERMES a Yamai. Jami'an gwamnati na buƙatar jerin, haka ƙungiyoyin agaji da masu kawo allura.

A irin wannan rana gaggawa ce ke mulki. Babu mai tsayawa tambayar mutum nawa ne a zauren WhatsApp ɗin da aka jefa jerin, ko waye ya bar aiki tun bara amma ba a cire lambarsa ba. Annoba takan wuce, jerin kuwa ya zauna a wayoyi da kwamfutoci masu yawa, babu wanda aka ɗora wa alhakin share shi.

Ga kuma iyaka. Daga Ɗan Barto ana tsallakawa Kwangwalam, hanyar Daura. Aure, kasuwa da jinya duk suna ƙetare wannan layi kullum. Mace na iya yin awo a Nijar ta haihu a Najeriya. Dole ne jami'an ɓangarorin biyu su yi musayar labarin cuta, sai dai kowane ɓangare da dokarsa da hukumarsa, saƙon waya kuwa bai san kwastan ba.

Inda bango ke tsagewa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tsarin lafiya irin namu, tsagar takan fito a wurare sanannu.

Na farko waya. Gaskiya ne WhatsApp na kulle saƙo a kan hanya ta yadda na tsakiya ba zai karanta ba. Amma da zarar hoto ya sauka, ya shiga ma'ajiyar hotunan duk wanda ke zauren. Daga nan ana iya tura shi gaba, ko a kwafe shi a wurin masu turin waƙoƙi da finafinai. Akwai kuma masu damfarar da ke kiran mutum su roƙe shi lambobi shida da aka turo masa. Da ya karanta musu, sun ƙwace asusunsa da duk zaurukan da yake ciki.

Na biyu lambar sirri. A ofishin da kwamfuta ɗaya ce, mutum biyar kan shiga da suna ɗaya, lambar kuma a rubuce a bangon rajista ko a manne jikin allon. Idan aka canja wani adadi ko aka kwafi fayil, babu hanyar sanin wanda ya yi. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki yakan tafi da lambar a kansa, tana kuma ci gaba da aiki.

Na uku kile USB. Da shi ake kai takarda shagon buga takardu a cikin gari idan injin ofis ba tawada. Kwamfutar shagon ta karɓi ɗaruruwan kile a mako, kowane da irin ƙwayar cutar da ya kwaso. Kilen ya dawo da ita ofis, shagon kuma ya rage da kwafin takardar.

Na huɗu tsohuwar manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyaran tsaro na Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma tsayar da na Windows 10 a Oktoban 2025. Kwamfutar da aka samu kyauta shekaru goma da suka wuce tana iya kunnuwa lafiya lau, alhali duk ɓarakar da aka gano a irinta tun daga lokacin tana nan a buɗe.

Na biyar takarda. Rajistar da ta cika takan koma sito tare da tsofaffin katifu, gara da ruwan sama su yi rabonsu. Wadda ba a ƙone ba tana iya ƙarewa a hannun mai ƙosai ko mai tsire.

Na shida ƙarshen shiri. Ƙungiya ta kawo tabilet da manhajar tattara bayanai irin KoboCollect ko CommCare, ta horar da mutane, shekara uku kuɗi ya ƙare. Ina tabilet ɗin suka tafi? A wace ƙasa ma'ajiyar bayanan take, a hannun wa makullinta yake? Dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya nuna wa ƙasashen Afirka da yawa cewa shiri na iya tsayawa dare ɗaya, ba tare da an yi bankwana ko miƙa kaya ba.

Na'urorin da rai ya rataya a kansu

Maganar ba ta tsaya a kan sirri ba. Asibitin zamani cike yake da na'urorin da kwamfuta ce a cikinsu: injin hoton ciki, injin GeneXpert na gwajin tarin fuka, injinan ƙirga jini, na'urorin tace iskar numfashi, firijin allura mai ɗan ma'aunin da ke rubuta sanyinsa dare da rana. Wasunsu suna ajiye suna da sakamakon duk wanda aka gwada.

Haɗarin yakan zo ta hanya mai sauƙi. Kwamfutar da aka haɗa da injin gwaji ita ce sau da yawa mafi lafiya a ginin, don haka a kanta ake buga wasiƙa, a jikinta ake cajin waya, a kanta ake kallo lokacin gadin dare. Ranar da ta kamu, gwajin tarin fuka ya tsaya, mai gyara kuma sai an jira shi daga Damagaram ko Yamai.

Wuta ma tana cikin lissafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa Nijar, wanda a lokacin ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba a maido ba sai Maris na 2024. Wannan ya faɗo daidai watannin da Matameye ke fama da mashaƙo. Ɗaukewar wuta ba zato da dawowarta da ƙarfi suna ƙona na'ura, suna lalata fayil. Ga ƙurar hunturu da zafin bazara. Bayanin da ya ɓace saboda kwamfuta ta ƙone, da wanda ɓarawo ya kulle, sakamakonsu ɗaya ne ga mai shan maganin ƙanjamau da ba a san inda ya tsaya ba.

Abin da ya sami waɗanda suka fi mu kayan aiki

Ranar 12 ga Mayun 2017 wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu a duniya. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kusan dubu 19, wasu asibitocin suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a dai sanya shi ba. Manhajar ba asibiti ta nufa ba. Duk ƙofar da ta samu a buɗe shiga take yi.

A Ireland, ma'aikaci ɗaya ne ya buɗe fayil ɗin Excel da aka turo masa ta imel a watan Maris na 2021. Masu kutsen suka yi kusan mako takwas suna yawo a cikin tsarin babu wanda ya tare su. Ranar 14 ga Mayu suka kulle kwamfutocin hukumar lafiyar ƙasar baki ɗaya. Aka koma biro da takarda, aka ɗauki watanni kafin komai ya daidaita.

A nahiyarmu, cikin Yunin 2024 aka kai wa hukumar ɗakunan gwaji ta Afirka ta Kudu hari, wadda ke yi wa kusan kashi 80 cikin ɗari na al'ummar ƙasar aiki. Maharan sun lalata har da wani ɓangare na kwafin ajiya. Makonni ana sanar da likitoci sakamakon gaggawa ta wayar tarho.

Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, wadda ta yi aiki a Nijar ma har zuwa 2025, ta sanar a Janairun 2022 cewa an kutsa cikin bayanan mutum sama da dubu 500, galibinsu waɗanda yaƙi da hijira suka raba da danginsu. A Singapore kuwa, cikin Janairun 2019 aka wayi gari sunayen masu ƙanjamau sama da dubu 14 suna intanet. Wannan karon ba daga waje aka fasa ba, ta hannun wani likita mai izinin shiga rajistar bayanan suka fita.

Darasin a fili yake: gyaran da ba a sanya ba, fayil ɗin da aka buɗe ba tunani, kwafin ajiyar da aka bari wuri ɗaya da asalinsa, da na cikin gida da aka sakar wa makulli. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya keɓanta da ƙasar masu kuɗi.

A garin da kowa ya san kowa

A babban birnin Turai, wanda aka saci bayaninsa yakan ji tsoron a taɓa masa asusun banki. A Matameye abin da ke kan layi ya fi kuɗi. Sunan mutum da na ƙauyensu sun isa a gane shi, a gane matarsa, surukansa da wanda ke neman 'yarsa.

Matar da ke karɓar allurar tazarar haihuwa tana iya rasa aurenta. Budurwar da aka ga sunanta a rajistar awo tana iya rasa gidan ubanta. Mai ƙanjamau, mai yoyon fitsari, mai farfaɗiya, mai taɓin hankali, wadda aka yi wa fyaɗe: kowannensu ya san abin da kalma ɗaya a bakin rijiya ko a majalisar shayi za ta jawo masa. Mai tuwon sayarwa da aka ce tana da tarin fuka, kasuwarta ta mutu ko da ta warke.

Daga nan cutarwar ke komawa kan kowa. Wanda ya ji an tona asirin maƙwabcinsa ba zai je gwaji ba. Zai ba da sunan ƙarya, ko ya tafi garin da ba a san shi ba, ko ya koma wa mai tallar magani a kasuwa. Mai tarin fuka da ya ɓuya yana ci gaba da yaɗa shi a ɗakinsa. Uwar da ta ɓoye ɗa mai mashaƙo ta jefa yaran unguwa cikin haɗari. Alƙaluman da ke isa Yamai kuma su zama na bogi, a yi kasafin magani a kansu.

Akwai kuma 'yan damfara. Jerin sunaye da lambobin waya na iyayen yara masu tamowa dukiya ce a wurinsu. Wanda ya kira ki da sunanki da na ɗanki, ya ce daga ƙungiya yake, an sa ki a tallafi, ki turo jika biyu na rajista, da wuya ki yi shakkarsa.

Doka na nan, saura ta iso

Nijar ba ta rasa doka ba. Dokar 3 ga Mayun 2017 ce ta fara tsara kare bayanan mutane, ta kuma kafa hukumar HAPDP mai sa ido a kan haka. A Disamban 2022 aka yi sabuwar doka da ta maye gurbinta. Bayanin lafiya na cikin rukunin da doka ta ɗauka masu tsananin muhimmanci, waɗanda ba a tattara su ko a miƙa su yadda aka ga dama. Akwai kuma dokar Yulin 2019 kan laifukan intanet, ga tsohuwar ƙa'idar riƙe sirrin sana'a da ta hau kan likita, nas da ungozoma tun kafin zuwan kwamfuta.

A tsallaken iyaka, Najeriya ta sanya hannu a kan tata dokar kare bayanai a Yunin 2023. A wannan watan ne kuma yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda aka amince da ita tun 2014, ta fara aiki.

Sai dai dokar Nijar da Faransanci take, hukumar tana Yamai, tafiyar sama da kilomita 800 daga Matameye. Yawancin masu zuwa awo ba su taɓa jin cewa suna da haƙƙin tambayar abin da aka rubuta a kansu da wanda zai gani ba. Ma'aikacin ƙauye kuma an horar da shi yadda zai cike takarda, da wuya a ce an zaunar da shi a kan yadda zai tsare ta.

Kowa da hujjarsa

Ma'aikatan lafiya suna da ta cewa, kuma tana da nauyi. Da waya ce ungozoma ke tura wa likita hoton takardar naƙuda tsakar dare ta sami shawara kafin mota ta iso. Wayar tasu ce, kuɗin intanet daga aljihunsu. A hana su WhatsApp ba a ba su madadinsa ba, rai ne zai salwanta. Duk ƙa'idar da ta ƙara wa mai ganin marasa lafiya ɗari a rana aiki, za a kewaye ta.

Masu kula da kasafi kan ce ana fama da maganin zazzaɓi da jinin ƙari, wa ke ta lambar sirri? Wasu kuma su ce me muke da shi da ɗan kutse zai nema? Amsar ita ce WannaCry ba ta tambayi kowa arzikinsa ba, kuma mafi yawan asirin da ke tonuwa a ƙaramin gari ba ya buƙatar ɗan kutse ko kaɗan.

Ƙungiyoyin agaji da masu ba da tallafi suna son sunaye don su tabbatar kuɗinsu ya isa inda aka nufa, kuma hakan daidai ne. Tambayar ita ce ko ofishin da ke wata ƙasa yana buƙatar sunan uwa da lambar wayarta, ko lambar shaida kawai ta wadatar.

Hujja mafi zurfi ita ce ta al'ada. A wurinmu ba a ciwo a kaɗaice. Akwai mai jinya, akwai dubiya, akwai miji da uba da yaya masu biyan kuɗin magani, kowa kuma na ganin yana da haƙƙin ya ji. Wannan zumunci alheri ne da ba a son a rasa. Amma al'adar da ta koya mana dubiya ita ce ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ita ce kuma ta sa rufin asiri cikin addu'ar kowane gida. Malamai na karantar da cewa abin da aka faɗa maka a keɓe amana ne. Iyakar a bayyane take: mai ciwo ne ke zaɓar wanda zai sani, ba wayar wani ba.

Gyaran da ba ya cin miliyoyi

Wasu matakan ba sa buƙatar ko dala. A sa wa kowace waya makulli, a kunna tabbaci mai hawa biyu a WhatsApp, a hana hotuna sauka kai tsaye cikin ma'ajiya. Kafin a ɗauki hoton takarda a rufe layin suna, a yi aiki da lambar rajista. Kowane zaure na aiki ya kasance da mai kula da shi, wanda zai riƙa tace mambobi duk wata, ya rufe zauren idan annoba ta wuce.

Kowane ma'aikaci ya sami sunan shiga nasa, a soke shi ranar da ya bar wurin. Mai ba da magani ya ga abin da ya shafi magani, mai karɓar kuɗi ya ga abin da ya shafi kuɗi. Kwamfutar injin gwaji ta tsaya a aikinta kaɗai, ba caji, ba kallo, ba baƙon kile. A riƙa yin kwafin ajiya kowane mako, a kulle shi a wani ɗaki dabam, a kuma riƙa gwada buɗe shi. Rajistar ƙanjamau da ta tazarar haihuwa su shiga kabad mai kwaɗo, tsofaffin takardun da wa'adinsu ya cika a ƙone su gaban shaidu.

Wasu kuma sai da hannun hukuma. Wayar aiki da kuɗin intanet ga kowace CSI. Na'urar daidaita wuta ga injinan gwaji. Masanin kwamfuta a matakin gunduma, wanda ba sai an jira shi daga jiha ba. Yarjejeniya a rubuce da kowace ƙungiya tun ranar shigowarta: ina bayanan za su zauna, wa zai gani, yaushe za a share, wa zai gaji na'urorin. Sai tanadin komawa takarda idan tsarin ya tsaya, da hanyar da ma'aikacin da wayarsa ta ɓata zai sanar nan take ba tare da fargabar hukunci ba, domin wanda ke tsoron faɗa ɓoyewa zai yi.

Jama'a ma a sanar da su da harshensu, ta gidajen rediyon al'umma, ta bakin masu gari, limamai da kwamitocin kula da cibiyoyin lafiya, cewa tambayar "wa zai ga wannan?" haƙƙi ne, ba rashin kunya ba.

Tsarin lafiyar Nijar ya riga ya nuna yana iya koyar da ɗabi'a har ƙauye mafi nisa. Ma'aikaci ya san dole ya duba sanyin firijin allura safe da yamma ya rubuta, domin duk tawagar da ta zo duba aiki sai ta buɗe wannan takarda. Tsare bayanai ma ta wannan hanya zai zauna: a sa shi cikin takardar duba aiki, a ware masa layi a kasafin gunduma, a ɗora shi a wuyan mutum mai suna. Rajistar kwamfuta mai ɗauke da sunan kowane majiyyaci tana tafe, kamar yadda ta iso wasu ƙasashe. Gundumar da ta koyi riƙon amana tun bayanan suna kan takarda da waya ita ce za ta iya riƙe su ranar da dubban sunaye suka taru a ma'ajiya guda.